Laima Tara a Birnin Makaɗa

In ka sauka a tashar Al Rigga ka gangara Al Muraqqabat, akwai wani ɗan ofishin shirya tafiye-tafiye a gefen shagon canji. Leƙa ciki, za ka ga wani dogo mai tabarau, da baƙar laima rataye a ƙusa a bayansa. Laima a Dubai, jama'a! Wannan shi ne Zailani, ɗan Malam Ɗalhatu manomin Kudan, kuma laimar nan tana da tarihi.

Zailani ya taso da ƙin ruwan sama kamar ya kashe masa uwa. Ɗakinsu yoyo yake yi, hanyar makaranta taɓo har gwiwa, ga uba mai tashinsa da sassafe ya zo ya koyi duban hadari. "Dubi tururuwa suna kwashe ƙwai. Dubi tsattsewa ta sauko ƙasa-ƙasa. Ka ji iska ta ɗauke?" Shi kuwa sai tsaki a ciki. Ya yi karatunsa a Kaduna, ya roƙi Allah ya kai shi inda babu taɓo, Allah kuwa ya amsa masa har da ƙari.

Aikin gwaji na wata uku aka ba shi. Mai ofishin, Madam Hannatou, mutuniyar Maraɗi ce, mace mai kirki amma ba ta maimaita magana. In ya ci gwajin za a tabbatar da shi, ya samu damar kawo matarsa Muhsinat, wadda ya bari a Zariya wata biyar bayan biki. Kullum in sun yi waya sai ta rufe da, "To, ya maganar bizar?" Shi kuma ya ce, "Saura ƙiris."

Ana saura mako biyu gwajin ya ƙare, mai raka baƙi Turai ya kwanta rashin lafiya. Madam ta kira Zailani, wanda dama an yi masa biza don ko-ta-kwana.

"Bon, Zailani. Iyalin Balaraben nan Abu Saif za su birnin Salzburg, mutum takwas, kwana huɗu. Shekara shida suna tafiya ta hannuna. In suka dawo da fara'a, kujerar nan taka ce. In ba haka ba, ka san hanyar tashar Al Rigga."

Ya duba hasashen yanayi a waya. Ruwa, ruwa, ruwa. Wato mutane za su kashe dukiya su je ƙasar Turawa su jiƙe a hannunsa! Bai gaya wa kowa ba. Ya zauna ya juye tsarin tafiyar kaf, duk abin da ke waje ya soke, ya bar masu rufi. Suna sauka kuwa ya sayi laima tara.

Ranar farko ya yi aiki kamar mai rakiyar amarya. Daga ƙofar masauki zuwa mota, laima. Daga mota zuwa gidan wani makaɗi da ya mutu tun zamanin kakannin kakanni, laima. Suka yi awa biyu suna kallon tsohon goge a cikin gilashi. Jikokin Abu Saif suka manna hanci a taga suna leƙen titi, Zailani ya janyo su yana cewa, "Kada ku damu, zai ɗauke."

Rana ta biyu ya kai su ramin da ake haƙar gishiri a da, can ƙarƙashin dutse, inda ko aradu ta faɗi ba za a ji ba. A hanyar dawowa matar Abu Saif, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta zuge gilashin mota ta miƙa hannu waje. Zailani ya yi wuf ya rufe mata, kada mura ta kama ta. Ta dube shi, wani irin kallo, ya ɗauka godiya ce.

Da yamma aka hau ganuwar da ke saman birnin don jin kiɗa. Kiɗa dai ga shi nan, masu goge huɗu sun sha baƙaƙen kaya, amma ba mai rawa, ba mai guɗa, ba mai liƙi. Zailani ya yi tari sau ɗaya, wata Baturiya ta waigo kamar ya zagi ubanta. Abu Saif ya yi barcinsa. Da suka fito dattijon ya dafa shi.

"Habibi, mu fa tun watan Mayu muke kulle a ɗaki a Dubai."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe," in ji Zailani. "Wallahi ruwan nan ba laifina ba ne."

Rana ta uku gari ya waye tangaran. Zailani har da ɗan tsalle. "Albishirinku, rana ta fito!" Ya kwashe su zuwa lambun furanni, ya haye da su gadar kogi, ya saya wa yara cakulan mai hoton makaɗin nan. Mutane takwas suna binsa shiru kamar masu dawowa daga jana'iza. Kafin la'asar wayar Madam ta shigo.

"Zailani, kana da lafiya kuwa? Mutumin nan ya ce kwana biyu ana ruwa kana ɓoye su a rami!"

"Madam, ai don kada su jiƙe..."

"Jiƙewar suka je yi, mon Dieu! Rana ce babu a Dubai? Shekara guda suna jiran ruwan nan. Gobe da dare jirginsu zai tashi. Khalas, na gama magana."

Ya duba waya. Gobe rana ce ƙwal, ba ko gajimare. Ya zauna a bakin kogi da laimominsa, kunya da tsoro suka rufe shi. Saƙon Muhsinat ya shigo: "Ya maganar bizar?" Ya kife wayar.

Da safe ya hau ganuwar nan shi kaɗai, ya fuskanci gabas kamar yadda aka koya masa. Fes, ba komai. Amma a gindin bango sai ya ga tururuwa sun yi layi da fararen ƙwai a baki, can ƙasa kuma tsuntsaye suna shawagi dab da kogi. Ya daɗe yana jinkiri kafin ya kira Kudan.

"Baba, tururuwa na kwashe ƙwai, amma gabas ba hadari."

"Kai kuma yaushe ka fara kula da tururuwa?" in ji Malam Ɗalhatu. "Gabas ta Kudan ce, ɗan nan. Kowane gari da ƙofar da ruwansa ke shigowa. Rufe ido ka ji inda iska ke taɓa ka."

Ya rufe ido. A ƙeya take taɓa shi. Ya juya, sai ga wani ɗan baƙi-baƙi yana leƙowa ta bayan duwatsun yamma.

Ya sauko da gudu. "Yalla, kowa ya shiga mota!" Ya sa direba ya fitar da su bayan gari, wani fili mai ciyawa a gindin dutse inda ba rumfa ko ɗaya. Suka zauna cikin rana. Direba yana nuna masa waya yana dariya, Abu Saif yana duban agogo. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama hanya, Zailani ya karanta duk addu'ar da ya sani. Can sai iska ta ɗauke ɗif, ƙamshin ƙasa ya taso.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Yara suka watse cikin ciyawa suna ihu. Abu Saif ya cire hiraminsa ya ɗaga hannuwa sama, ruwa na bin gemunsa. Tsohuwar nan mai ciwon gwiwa ta sauko da ƙafarta, tana dariya tana hawaye. Zailani yana tsaye da laima tara a hammata, ko ɗaya bai buɗe ba. Ƙamshin nan na gonarsu ne sak, kuma kewar gida ta kama shi.

Madam ta tabbatar da shi ranar da suka dawo. Muhsinat ta iso bayan Babbar Sallah, ita ce ma ta raba laima takwas ga maƙwabta su tare rana. Duk damina yanzu Larabawa sunansa suke nema, wai a ba su wannan mai sansano ruwan.

Da ya kira ubansa bayan dawowarsu daga tafiyar ya yi masa godiya, tsohon ya tambaye shi abin da Larabawan suka shuka a can.

"Ba su shuka komai ba, Baba. Kallon ruwan kawai suka je yi."

Kwana goma sha tara ke nan rabon Kudan da ruwa, masarar Malam Ɗalhatu ta fara naɗe ganye.

"To, ai sun fi ka hankali," in ji tsohon. "Kai shekara ashirin ana yi maka shi kyauta kana tsaki."