Zankwayen Malam a Titin Wendover

Ko da hankalina zai zube kamar yadda haƙorana suka zube, ba zan manta da daminar da maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya yi wa mota yaɓe a ƙasar Amurka ba. Ni ban yi karatu ba. Surukata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kar ta rage komai, har wurin da ita ma ba ta fita da kyau ba. In kun ji maganar ta yanke ta sake tashi, kuka ne ya tare ni. Haka nake tun da ya tafi, ban kuma ɓoye wa kowa ba.

Malam magini ne, ɗan magini, jikan magini. Shekara arba'in ya yi yana gina soraye a Damagaram. In ya shafa bango da tafin hannu, sai ya gaya maka daminar da zai faɗi. Cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai babban yaronmu ya ɗauko mu ya kawo mu Greensboro, wai mu huta. Ni ban rasa abin yi ba, ga girki ga jikoki. Shi kuwa hutun ciwo ya zame masa. Sai ya bi bangon gida yana ƙwanƙwasawa, ya ji yana amsawa kamar ganga, ya girgiza kai ya ce, “Wannan ba gida ba ne, akwati ne aka fasa wa taga.” A masallaci ba wanda ya san shi da komai sai baban wane. Mutumin da ake aiko wa goro daga Mirriya don ya je ya duba soro, ya koma mai gadin talabijin.

Ana nan sai yaron ya sayo wata tsohuwar mota mai ɗaki a hannun wani dattijon Bature a Sedgefield. Arbi suke ce mata a nan. Akwai gado a ciki, akwai murhu, har da bayi ɗan ƙarami wanda in ka shiga sai ka bar gwiwarka a waje. Wai da ita za mu riƙa yawon buɗe ido, alhali yaron kwana shida yake yi a sito yana lodin kaya, na bakwai kuma barci ya ba wa. Aka ajiye ta a bayan gida. Ruwan farko da aka yi, muka tarar da katifar ta sha ta ƙoshi.

Nan fa masana suka taso. Akwai wani Alhaji mai tura motoci Kwatano, akwai kuma wani da ake kira Injiniya, ko da yake ban taɓa jin injin da ya gyara ba. Duk Asabar sai su zo su kewaye motar, hannu a baya, ni kuma in yi ta dafa shayi. Injiniya ya hau ya manna wani baƙin salatif daidai saman gadon, ya sauko yana karkaɗe hannu ya ce, “Finish.” Aka yi ruwa, katifa ta jiƙe. Ya ƙara wani a kan wancan. Ta sake jiƙewa. Alhaji ya ce, “Ku ba ni in tura ta gida kawai, a can wata uku ake ruwa.” Masu garejin irin waɗannan motoci kuma suka ce layi ya yi tsawo, sai bayan wata guda.

Duk wannan Malam yana zaune a kujera yana kallo, ba wanda ya tambaye shi. Ranar wata Litinin da kowa ya tafi aiki, ya cika buta ya ce mini, “Ke, shiga ki zauna a kan gadon. In kin ga ɗigo ki yi magana.” Ya kama tsanin da ke bayan motar ya hau, dattijo mai shekara saba'in. Ina jin takunsa a sama. Ya zuba ruwa a nan, shiru. Ya matsa ya zuba, shiru. Sai da ya kai can gaba, gefen wata 'yar tagar iska, nesa da gadon, sannan ruwa ya ɗigo mini a goshi. Na ƙwala masa kira. Ya leƙo ta tagar, fuskarsa tana haske, ya ce, “Ruwa ba ya shiga inda yake ɗiga. Tafiya yake yi a cikin rufi. Su Injiniya suna ta ɗaure wa gado kai, ciwon yana nan.”

Da a nan ya tsaya, da yau wani labari nake ba ku. Amma ƙasar garin nan ja ce wur, mai danƙo, kuma tun ranar da muka sauka Malam yake kallonta kamar mai azumi yana kallon randa. Ya ɗauki cebur ya haƙa rami a bayan gida. Maƙwabciyarmu Baturiya ta tsaya a tagarta da waya a hannu, tana jiran ta ga wanda za mu binne. Babu ciyawar da ya saba da ita, sai ya tattaro busassun ganyen itacen nan masu kama da tsintsiya. Kashin doki kuwa, Injiniya da kansa ya ɗauko shi a but ɗin motarsa daga gonar da muke sayen ragon Layya. Malam ya naɗe wando ya shiga ya tattaka, ina zuba masa ruwa. Ya bar kwaɓin ya tsima kwana uku. Surukata, wannan da ke rubutu tana sunkuyar da kai, ta ƙarar da gwangwani biyu na turaren fesawa, ta gaya wa maƙwabta wai takin tumatir ne.

Yaron ya dawo daga aiki ya tarar da ubansa a kan mota, hannu dumu-dumu. Ya cire hula ya tsaya.

“Baba, ai mota ce.”

“Tana da rufi?”

“Tana da shi.”

“Yana yoyo?”

“Yana yi.”

“To soro ne. Miƙo mini bokitin nan.”

Yaron ya miƙa. Ubansa ne, kuma shekara biyu rabon da ya ji muryarsa ta fito haka.

Ba tsagar kaɗai Malam ya toshe ba. Ya ce gwani ba ya yin faci kamar mai gyaran taya. Ya yaɓe rufin gaba ɗaya, kaurin yatsu huɗu, ya karkata shi yadda ruwa zai gangara, ya ja masa rawani a gefe, ya yanko bututu ya yi indararo. Da ya gama ya tsaya daga nesa ya duba, ya ce da saura. Ya sake hawa ya ɗora zanko a kowace kusurwa, guda huɗu, masu tsini, irin na gidajen manya a Birnin Damagaram.

Rana ta gasa shi mako guda, sannan aka yi ruwa irin na garin nan, mai tsawa da karya itatuwa. Da ya ɗauke muka shiga. Katifa a bushe ƙayau. Indararo yana ta zuba abinsa a waje.

Kafin Juma'a labari ya gama jama'armu. Aka riƙa zuwa kallo ana ɗaukar hoto ana aikawa gida. Alhaji ya ɗaga hannun Malam a ƙofar masallaci ya ce, “Daga yau ga Sarkin Maginan Greensboro! Turawa da kwamfutarsu sun kasa.” Injiniya ya ce ai tun farko shi ya kawo aidiyar, a tambayi but ɗin motarsa. Malam ya fito da babbar rigarsa daga ƙasan akwati. Ya koma cin tuwo malmala biyu.

Duk cikin mutanen nan, masu lasin tuƙi, masu sayar da motoci, ba wanda ya tuna cewa soron nan yana da taya. Ni na tuna sau ɗaya, ranar da na ga tayoyin sun ɗan durƙusa. Na duba na ga yadda yake cin abinci, na yi shiru.

Sai ƙungiyarmu ta 'yan Nijar ta shirya fita cin abinci a bakin wani tafki. Aka ce Arbi ce za ta yi gaba, ita za ta ɗauki tukwane. Malam ya zauna a gaba kusa da ɗansa, ya sha babbar riga. Ni da surukata muna baya, muna riƙe da tukunyar dambu da ta miya. Alhaji ya ce shi ne ɗan rakiyar Sarki, ya manno baƙar Marsandinsa da aka wanke da safen nan daf da bayanmu.

A cikin unguwa lafiya lau, sai dai motar tana nishi a kwana. Da muka hau babban titin Wendover yaron ya taka mai, sai na ji rufin yana ƙas-ƙas kamar ana taunar ƙanzo. Na leƙa ta tagar baya. Jar ƙura ce ta fara tashi. Sai indararo ya wuce fiu. Sai ga zanko guda ya taho yana juyi a iska, ya sauka a kan hancin Marsandi, ya tarwatse a gilashi. Alhaji ya kunna abin share gilashi, abin ya feso ruwa, ruwa ya haɗu da jar ƙasa da kashin doki, ya koma kwaɓi sabo fil. Da ya ga ba ya ganin hanya sai ya zuro kai ta taga, iska ta tafi da hularsa, wani gutsuren ya same shi a gemu. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma ni dariya ta kama ni, irin wadda ke kama mutum a inda bai kamata ba. Na saki tukunyar dambu na riƙe ciki.

Ba mu yi nisa ba motar 'yan sanda ta tsayar da mu a gefen titi, gaban manyan kantunan nan. Ɗan sandan ya kewaye motar sau biyu. Ya ɗauki gutsure ɗaya ya shinshina, ya ajiye da sauri. Ya tambayi yaron mene ne wannan, yaron ya ce rufi ne. Ya sake tambaya, yaron ya sake ba shi amsa ɗaya. Ya rubuta takardarsa, ya ce motar ba za ta motsa ba sai an sauke komai.

Alhaji ya iso yana goge gemu, yana ihu. “Ni tun farko na faɗa! Wa ya taɓa ganin an gina wa mota soro? Wa zai yi wa inshora bayanin kashin doki? An kawo mana ƙauyanci har haiwe!” Injiniya ya ce shi dama ya ga ba a yi kalkuleshan ba, girma ne ya sa ya yi shiru. Waɗanda suka aika hotuna gida duk suka zama masu duban takalmansu.

Samari suka yi niyyar hawa, Malam ya ce kar wanda ya taɓa. Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya karɓi ƙarfen kwance taya, ya hau. Abin da ya gina a kwana goma ya rushe shi da hannunsa, a tsakiyar rana, motoci suna rage gudu ana nuna shi da yatsa. Yana miƙowa ana zubawa a baƙaƙen ledojin shara. Aikin ya ƙi saurin fita, don ya kama da kyau. Na ga ɗan sandan ya taka wani gutsure da takalminsa ya ƙi fashewa, ya ɗaga kai ya dubi Malam.

Ni kuwa ina bakin taga, na toshe baki da mayafi. Da na fara lafawa, sai in hango kan Alhaji ba hula, abin ya dawo sabo. Ana haka Malam ya sunkuyo zai miƙo zanko na ƙarshe, idonsa ya faɗa cikin nawa.

Da la'asar muka koma gida, ba mu ga tafki ba. Na same shi a bakin famfon bayan gida yana cire ƙasa daga farcensa. Bai ɗago ba ya ce, “Ke ma kin yi dariya.”

Na ce, “Tari ne, Malam. Ƙura ce ta shaƙe ni.”

Ya ce, “Shekara arba'in da biyar, ban san tarinki ba?”

Ya ci gaba da wanke hannunsa, ni kuma na koma ciki. Na ce a raina gobe zan ba shi haƙuri. Gobe ta zo na ga kamar tayar da maganar zai fi ciwo.

Aka kai motar gareji, suka shafa mata wani farin danƙo, suka ba da takarda mai hatimi. Kafin ganyen itatuwa ya gama zuba da kaka ta koma yoyo, a kan gadon dai. Yaron ya gaya wa ubansa a hankali, ko zai hau ya duba. Malam bai ɗauke ido daga talabijin ba ya ce, “A sa kwano.” Na buɗe baki in ce naka bai taɓa ɗiga ba, sai kunya ta riƙe ni, na tashi na je na ɗauko kwanon. A cikin sanyin shekarar nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ranar ta'aziyya Alhaji ya fi kowa hawaye, yana gaya wa baƙi an yi rashin gwanin da ba a san darajarsa ba.

Ban riƙe Alhaji a zuciya ba. Yabonsa da zaginsa duk nauyinsu ɗaya, Malam ma ya san haka. Mutum ɗaya ya nema da ido daga saman motar nan, ya same ta tana dariya. Abin da na koya ke nan, na kuma koye shi a makare: in duniya ta taru tana yi wa naka dariya, ko da abin ya cancanci dariyar, ka haɗiye taka, ka tsaya a gindin tsani ka karɓi abin da yake miƙowa. In kun koma gida kun rufe ƙofa, shi da kansa zai fara dariyar, ku yi ta tare. Ni na yi tawa ni kaɗai a bakin titi, ga shi yau kukan ma ni kaɗai nake yi.