Ɓerayen Masar a Ƙarƙashin Kwandon Kaji

Duk gidanmu sun ɗauka ƙyuya ce ke damun ɓerayen Masar ɗin nan, kuma duk sun yi kuskure, har da Inna. Tsoro ne, irin wanda ke hana dabba ci har ta mutu.

Gwaggona ta Kurfi ce ta kawo mini su Dutsin-Ma, lokacin da na dawo hutun damina daga makarantar 'yan mata, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Mace da namiji. Macen fara ce mai jan kunne, ciki ya yi mata nauyi har tana jan sa a ƙasa. Gwaggo ta ce, "Ga su nan, ɗiyata. In na dawo, jikoki nake so in tarar."

A wurinmu, in jariri ya fara ƙyuya, yana ƙin mutane, maganinsa a yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har ya saba. Wannan maganin Inna ta yanke musu. Aka kife su da kwandon kaji a tsakar gida, dab da turmi. Labari ya zaga unguwa, mata suka yi ta sallama. Kowacce ta shigo sai ta ɗaga kwandon, ta kai hannu ta sama, ta cafko macen, ta latsa cikin.

"Wanga abu ɓera ne ko zomo?" in ji wata maƙwabciyarmu. "Ina wutsiyar? Ko a boko aka yanke ta?"

Aka bushe da dariya. Macen ta sandare a hannunta, idanu waje, ko ƙiftawa babu.

Inna ta ce, "Kin gani? Ta yi lamo, ta fara sabawa."

Ni kuwa na san wannan lamon. Haka 'yan tsaki ke yi in shirwa ta gitta a sama. Hannun da ke sauko mata daga bisa, shirwa ne a wurinta, kuma shirwar nan zuwa take yi tun hantsi har la'asar.

Sai ta daina ci. Ganyen dankalin da nake zuba musu ya yi yaushi a gabanta, dusa ma ko shinshinawa. Namijin yana ɗan taɓawa, ita ko tana can maƙure a lungun kwando. In ba ta ci ba, da ita da abin da ke cikinta duk za su tafi.

Na ce, "Inna, kashe ta fa ake yi."

"Ke dai bakinki aska ne. Ke ma haka aka yi ta yawo da ke hannu-hannu, mi ya same ki?"

"Ga shi har yau ba na son mutane."

Ban jira amsa ba. Na kwashe su zuwa ɗakin ajiyar hatsi, na kwantar musu da wani tulu mai fasasshen baki. Tuni macen ta faɗa ciki. Na zauna a ƙasa, na shimfiɗa hannuna da ɗanyen ganye a tafi.

Zama wuri guda ba halina ba ne. Ƙafata ta mutu, sauro na cizo, na ƙi motsi. Namijin ya fara zuwa, yana wani ɗan fito siriri, ya fizgi ganye ya gudu. Can hancin macen ya leƙo. Aka buga taɓarya a tsakar gida, ya koma. Na ji kamar in fita in fasa turmin.

Bayan la'asar macen ta sake leƙowa. Ta miƙo wuya, ta kama gefen ganyen, ta ja shi cikin tulu. Na ji ƙurus-ƙurus. Ko numfashin kirki na kasa yi.

Sai ga sallama: danginmu na Birchi. Inna ta ɗaga murya, "Ke, fito da abin nan mai ciki baƙi su gani!"

Taunar ta tsaya cak.

Hana baƙo ganin abu a gidanmu rashin kunya ne babba, na kuma san har Kurfi za a kai ƙarata. Na lallaɓa na fito, na ja ƙyauren a hankali, na ɗaure shi da igiya. Na yanke cewa zan je in durƙusa in gaishe su, in sha duk faɗan da za a yi, amma ɗakin nan ba mai shiga sai ta haihu, ko da Gwaggo ce da kanta.