Tokar Yaya Isufu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Isufu, wanda duk Madarunfa ta sani da Isufu Mai Toka. Kowace kaka idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru, domin ni maƙeri ne, rubutu ba aikina ba ne. Bana kuwa shirun ya ƙi. Abin da na gani makon jiya a gidan niƙan unguwarmu ya hana ni zama wuri ɗaya, har uwargida ta ce na cika mata kunne, in je in faɗa wa duniya ta huta. To ga ni. Sai dai a cikin labarin akwai wani laifi nawa da na daɗe ina dannewa, shi ma yau zai fito.

Mu biyu muka gaji maƙera a wurin mahaifinmu. Da hauya da lauje suka kasa riƙe gida, muka koma ƙera amalanken jaki, irin wanda manoman Safo da Gabi ke ɗauko gero da wake a kai. A jikin amalanke akwai wani ƙarfe da bai wuce tafin hannu biyu ba. Daga tol mai kauri, wato farantin ƙarfe, ake yanko shi, a lanƙwasa, shi ke haɗa sandunan da ake ɗaura wa jaki da gadon amalanken. A maƙerarmu kunne muke ce masa. Duk girgizar hanya a kansa take sauka, in ya karye kuwa kaya sun zube.

Kowane maƙeri na san yadda yake yin kunne. Ya ɗora tol a bakin uwar maƙera, ya zuba masa guduma har ya yi kwana mai kaifi, kafin a sha shayi an gama. Yaya kuwa sai ya lanƙwasa nasa a jikin wani tsohon ƙarfe mai kauri, don kwanar ta fito da zagaye. Sannan ya sa shi a wuta har ya yi ja kaɗan, ya binne shi cikin toka mai zafi a wani rami da ya haƙa gefen zuga-zugi, ba mai taɓawa sai ya huce don kansa. Washegari ya tono shi, ya ɗauki ƙaramar guduma mai kan ƙwallo, ya bi cikin kwanar yana ƙwanƙwasawa a hankali, har wurin ya yi ɗigo-ɗigo kamar ƙasa bayan yayyafi. Aikin da wani zai gama kafin hantsi, shi sai ya kwana biyu a kai.

In na yi ƙorafi, magana ɗaya yake maimaita mini. “Sani, ƙarhe na da riƙo. In ka tanƙwara shi da ƙarhi sai ya yi maka shiru, amma abin na nan cikinshi. Lallashinshi ake.” Ni kuwa a lokacin jinina na tafasa, gani nake tsufa ne ya kama shi tun bai kai ba. Masu wucewa ma ba su bar shi ba. Kullum sai wani ya leƙo ya ce, “Mai Toka, ƙarhe kake gasawa ko dankali?” Shi ya yi murmushi, ni in fi kowa dariya.

Wata kaka manoman Gabi suka ba mu aikin amalanke da dama a lokaci guda. Ana tsaka da aikin aka yi wa matar Yaya rasuwa a Ɗan Isa, ya tafi ya yi kwanaki. Kafin ya hau mota ya nuna mini ramin toka da ƙaramar gudumarsa, na ce masa ya tafi hankali kwance. Yana ba da baya na yanke kunnuwan, na doke su a bakin uwar maƙera, na shafe su da baƙin fenti, na ɗaure. Yini ɗaya na gama abin da zai ci mako. Da ya dawo amalanke sun riga sun tafi, na ce masa komai an yi yadda ya ce. Har cika baki nake a raina, don damina biyu suka yi ba abin da ya same su.

A kaka ta uku na farko ya karye. Na Malam Garba ne, wani manomi mai faɗa, yana tafe da buhunan wake ranar kasuwa. Sanda ta fizge, gadon ya kifa, jakinsa ya karye a ƙafa, bai sake moruwa ba. Kafin wata ya ƙare wasu biyu suka bi. Malam Garba ya zo maƙera a gaban jama'a ya jefa karyayyen kunnen a gaban Yaya. Ina kan zuga-zugi, ina kallo. Yaya ya ɗauka, ya juya shi, ya shafa cikin kwanar da babban yatsa, ya ce, “Aikin maƙerarmu ne. A kawo su duka mu sake.” Na ci gaba da zuga wuta.

Daga ranar sunan Mai Toka ya tashi daga wasa ya koma gori. Aka ce ai tokar ce ke kashe ƙarfe, ga shi ido ya gani. Masu kawo aiki suka ragu. Yaya bai fasa binne ƙarfensa ba har ciwon da ya kwantar da shi, ni kuma ban buɗe baki ba har muka kai shi makwanci. Bayan rasuwarsa na cike ramin da ƙasa. Na ce wa mutane zamani ya wuce wurin, alhali kunya ce ke hana ni kallonsa.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Hanyar Ɗan Isa ta cika da babura masu ƙafa uku, ana labta musu kayan da ko raƙumi zai yi ƙara. Tol ɗin da ake kawowa ya sirance. A Maraɗi akwai injin da ke lanƙwasa ƙarfe kafin ka ƙifta ido, kuma na tabbata da ya gan shi sai ya yini a gindinsa, don Yaya mutum ne mai son sabon abu. Amma na san in ya gama sha'awa zai tambaya wa ke lallashin ƙarfen bayan injin ya gama da shi. Masu walda kuwa kullum suna like tsaga, bayan wata biyu wata ta fito gefen likin, su ce hanya ce ba kyau.

Amsar ta zo mini daga inda ban zata ba. Yaya ya bar 'ya, Balkisa, wadda take rarrafe lokacin da abin Malam Garba ya faru. Ta yi karatu har jami'a, kuma a duk fannonin duniya sai ta zaɓi ƙarfe. Da ta zo hutu bana ta zauna a maƙera ta ɗauki karan gero ta lanƙwasa a gabana. Ta ce in duba, bayansa ya miƙe, cikinsa ya matse. Haka tol yake, in ka sake shi yana son komawa yadda yake amma ba hali, sai wani ƙarfin ja ya maƙale a jikinsa ko ba a ɗora masa komai ba. Hanya kuma ta riƙa ƙara masa nata kaɗan-kaɗan, kowace gargada da nata, har wata tsaga siririya kamar gashi ta buɗe, ta yi ta rarrafe shekara da shekaru, ran da ta isa sai ƙarfe ya ɓalle da kayan da jiya ya ɗauka lafiya. Wuta da hucewa a hankali su ke sakin wancan ja. Ƙwanƙwasar guduma kuma tana danne fatar ƙarfen, tsaga ta rasa inda za ta buɗe baki. Ta ce a manyan masana'antu har injin gare su mai feshin ƙananan ƙwallaye a jikin ƙarfen mota, aikin da ubanta ke yi da hannu. Na sa ta maimaita mini sau uku.

Sai ta ce in yi mata kunne biyu daga tol ɗaya, guda yadda nake yi, guda yadda ubanta ke yi. Na tone ramin da na cike, na yi mata su. Ta roƙi mai injin niƙa ya ba ta aron injinsa yini guda, ta haɗa wani hannun ƙarfe da ke girgiza kunnuwan biyu tare, ja da saki, ja da saki, kamar amalanke a kan gargada amma ba hutu. Labari ya bazu. Ranar gwajin, kafin hantsi wurin ya cika, mata masu kawo niƙa suna mita da kwanukansu a ka, amma ba wadda ta tafi. Har Malam Garba aka kawo a bayan babur, ya tsufa, faɗan dai na nan.

Gab da azahar Balkisa ta sa aka tsayar da injin, ta nuna mana wani ɗan layi a cikin kwanar wanda na yi irin nawa. Aka sake tayarwa. Muna dawowa daga masallaci ya ɓalle, ƙarar kamar an taka busasshen kara. Irin na Yaya kuwa yana ta rawarsa. La'asar ta yi yana nan. Mai injin ne ya gaji, ya ce gazuwal ɗinsa, man injin, ya ƙare. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba, ina tsalle da furfurata kamar an yi mini albishir da Makka. Balkisa ta ce gwaji ɗaya ba ya zama hujja a makarantarsu. Na ce a unguwarmu ya zama.

Malam Garba ne ya tsayar da murnar. Ya ce, “To in haka ne, nawa na Mai Toka don mi ya karye?” Na ji maganar da na haɗiye shekara ashirin da ɗoriya ta taso mini, kuma wannan karon ban mayar da ita ba. Na ce, “Malam, ba shi ya yi ba. Ni na yi, yana Ɗan Isa. Ko toka ba su gani ba. Ku yahe mani, shi ma Allah ya sa ya yahe mani.” Tsohon ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ina jiran Balkisa ta juya mini baya, sai ta buɗe jakarta ta fito da wani tsatsattsen ƙarfe. Karyayyen kunnen nan ne na Malam Garba. Ta ce a akwatin ubanta ta same shi, a naɗe cikin tsumma. Ta kama yatsana ta ɗora a cikin kwanar, santsi, babu ɗigon guduma ko ɗaya. Ta ce, “Baba, shi da ya shafa wurin ga da yatsanshi, kana jin bai sani ba?” Nan na zauna a kan buhun wani na yi kuka a gaban mata da yara.

Ya sani tun daga taɓawar farko. Ya zaɓi a ci mutuncin tokarsa da a ci na ƙanensa, kuma ya zauna da ni a maƙera ɗaya shekaru bai taɓa goranta mini ba. Yaya bai bar gona mai yawa ba, bai bar gidan siminti ba. Ya bar 'yar da ta iya faɗin abin da hannunsa ya sani, ya bar kunnuwa masu ɗigo-ɗigo da har yanzu nake gani a jikin tsofaffin amalanke ranar kasuwa, cikinsu har da wanda ya sake wa Malam Garba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ramin yanzu a buɗe yake, ƙaramar gudumar tana hannuna. Jiya wani ya leƙo maƙera ya ce, “Mai Toka, dankalin ya nuna?” Na waiwaya in ga da wa yake, ashe da ni ne. Na ce masa ya dawo gobe, bai huce ba tukuna.