Ranar da Ƙararrawa ta Koma Teburin Abdu

Har gobe ba zan manta da Litinin ɗin da aka cire tsohuwar ƙararrawar ofishinmu ba. Ku da kuka zo bayan na yi ritaya kun tarar da ta yanzu, kuna zaton haka take tun fil azal.

Ni falanto ne a wani ofishin aikin gona a Dogon Dutsi. Falanto shi ne ƙaramin ma'aikacin da ke kai takardu, ya share ofis, ya karɓi baƙi. Ƙasa da ni babu kowa sai mai gadi, shi kuwa da safe yake tashi aiki. Amma ƙofa tawa ce. Wayar ƙararrawa ta taso daga maɓallin bakin get, ta bi katanga, ta ƙare a saman bencina. Ko mai gari ne ya zo, ko makiyayi, ni zai fara gani. Ni nake tambayarsa gida da gona, ni nake ce masa ya jira ko ya shiga.

A daminar da aka kawo mana sabuwar darakta, Madam Rabi, ruwa ya kayar da gefen katanga, waya ta tsinke. Da ta je taro Yamai sai ta dawo da sabuwar ƙararrawa marar waya a cikin kwali. Mai gyaran lantarki ya zo, ya zare tsohuwar wayar, ya manna sabon maɓalli a get. Ɗayan ɓangaren, wanda ke yin ƙara, bai fi tafin hannu ba, batir ke cikinsa, ana iya kai shi ko'ina. Na miƙa hannu zan karɓa, sai Madam ta ce, "A kai wa Abdu, tagarsa ke kallon get."

Abdu shi ne sakatarenmu, mutumin Tibiri, bai daɗe da zuwa ba. Bai yi mini laifin komai ba. Amma daga ranar, ko dariyarsa na ji sai raina ya ɓaci. Abin zai yi kiɗansa a teburinsa, ya taso ya wuce ta gabana da takalminsa mai ƙwas-ƙwas, ni kuwa ina zaune kamar wanda ya zo neman aiki. Na ce wa direban ofis kiɗan ma ba na ofis ba ne, na wayar 'yan mata ne. Ya yi dariya, ya ce, "Baba Hamidu, kishi kake yi?" Na ce Allah ya kiyaye.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne zuwan Alhaji Gado, shugaban manoman wani ƙauye kusa da Matankari. Mun daɗe tare, har sunan jikansa na je. Ran nan ya shigo riƙe da hannun Abdu, yana ce masa, "Ɗana, ya kwanan uwarka? Ta ji sauƙi?" Ni sai hannu ya ɗaga mini daga nesa. Ashe har rashin lafiyar uwar Abdu ya sani!

Washegari na nemi iso wurin Madam. A ƙa'ida ta hannun sakatare ake neman ganin darakta, don haka Abdun ne ma ya shigar da ni.

Na ce, "Madam, wane laifi na yi muku?"

Ta ajiye alƙalami. "Laifi kuma, Baba? Mi ya faru?"

"An raba ni da ƙofa."

Ta ce, "Wallahi na ga kana ɗingishi ne in kana gudun buɗe get. Na ce bari in hutar da kai."

"Na gode, Madam. Amma ban roƙi hutu ba."

Ta kira Abdu, ta ce ya kawo mini abin. Na ɗauka zai yi murnar rabuwa da wahala. Ina! Ya kawo, ya ajiye a bencina, bai dube ni ba. Fuskarsa ta yi irin yadda na san tawa ta yi. Da yamma ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce, "Baba, tun da na zo garin nan ba wanda ya san sunana sai da na fara buɗe get."

Ban mayar masa da ƙararrawar ba, gaskiya, ina son abina. Na saka shi a aljihun riga har na bar aiki. Sai dai duk baƙon da na buɗe wa, nakan bi da shi ta teburin Abdu in ce, "Ga Abdu, mutumin Tibiri, ku gaisa." Duk da haka ya daɗe bai sake mini fuska ba.

Ku da za ku zama shugabanni wata rana, ga abin da na koya. A ofis ba kujera ko matsayi kaɗai ake kishi a kai ba. Ɗan aikin da kuke gani wahala ce, wataƙila nan ne kaɗai ake kiran mutum da sunansa. Kafin ku ɗauke masa shi, ko don tausayi ne, ku tambaye shi tukuna.