Salak ɗin da Aka Ba Kaka

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana girki a gidan wani lauya. Ba wanda ya taɓa kiran sa da sunansa a gidan. Kuku kawai, tun daga maigida har jikoki.

Ya iya abinci iri-iri, amma salak ɗin kazarsa ne ya yi suna. In za a yi baƙi, uwargida takan leƙo kicin ta ce, "Kuku, abin nan naka fa." Shi ke nan, ya gane.

Ƙirjin kaza yake dafawa da albasa da citta, wuta kaɗan-kaɗan. In ta dahu ba ya tsame ta, sai ta huce cikin romonta, wai in an cire ta da zafi bushewa take kamar tsumma. Sannan ya yayyage ta da yatsu. Wuƙa, in ji shi, ta kokwamba ce da karas. Mayonis ɗin kwalba kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Gwaiduwar ƙwai biyu yake samu, yana zuba mai ɗigo-ɗigo yana kaɗawa har kafaɗarsa ta riƙe, sai gishiri da masoro, lemon tsami a ƙarshe.

Autar gidan tun tana 'yar shekara takwas take jawo kujera ta hau ta tsaya gefensa. Shi ya riƙe hannunta ya koya mata kaɗawa. Sau nawa ta tsinka masa mayonis, ya sake daga farko, ko tsaki babu.

Da yanar ido ta fara damun sa, wata rana aka tsinci ɓawon ƙwai a farantin baƙo. Ƙarshen watan aka sallame shi, da agogon bango da godiya.

Bayan shekara biyu direban gidan ya ba shi labari cewa Auta ta buɗe gidan abinci. Kawu ya yi murna har da hawaye. Ya sa aka goge masa farar rigarsa, ya ce in raka shi.

Da muka zauna na ɗauki takardar abincin ina karanta masa, don shi ba ya gani sosai. "Salak ɗin Kaka, sirrin gidanmu da muka gada daga kakarmu."

"Sake karantawa," in ji shi.

Na sake.

"Wace kakar? Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ko ruwan shayi ba ta taɓa ɗorawa ba. Ɗanyen ganye ma cewa take abincin awaki ne."

Sai ga Auta ta fito. "Laa, Baba Kuku!" Kuma tsakani da Allah ta ji daɗin ganin sa. Ta ja hannunsa zuwa teburin ƙawayenta. "Wannan tsohon kukunmu ne. Yana tsaye Kaka take haɗa salak ɗin nan. Ko ba haka ba, Baba?"

Na zuba masa ido. Ya gyara zaman hularsa, ya ɗan rusuna irin yadda ya saba.

"Haka ne, ranki ya daɗe."

Aka ɗauke su hoto. Aka kawo mana faranti biyu. Cokali uku ya yi, ya ture.

A bakin titi, muna jiran mota, na ce, "Kawu, ai bai kai naka ba, ko?" So nake ya samu abin kushewa, ko ya ji sanyi.

"Daidai yake," ya ce. "Ba ta manta komai ba. Na iya koyarwa."

Ya roƙe ni kada in gaya wa matarsa abin da ya faru.

Daga baya na wuce ta wurin, na ga an rataye hoton kusa da ƙofa, a ƙasansa an rubuta "Mai taya Kaka aiki." Ban faɗa masa ba.

An yi masa aikin ido, bai yi kyau ba. Yanzu yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa. In baƙo ya tambaye shi sana'ar da ya yi, sai ya ce, "Zaman gidan mutane," ya ƙara muryar rediyon.