Asubar Ƙarfe Goma

A cikin duro kwamfutar ta zo mana, tsakanin takalman yara da robobin man shafawa. Yayana ne ya aiko da ita daga New York, inda ya shekara goma sha uku yana tuƙin tasi yana jiran takardun zama. A Nima, unguwarmu a Accra, kusan kowane gida da nasa mai jiran takardun. Ya ce in riƙa buga tambayoyin jarrabawa da ita, tunda ni malamar firamare ce a Maamobi. Abin da bai faɗa ba shi ne ta tsufa. In na kunna ta da safe, sai in fita bakin titi in sayo koko da ƙosai, in gaisa da mai kokon har in ji lafiyar jikokinta, in dawo in tarar tana nan tana shirin tashi.

Ranar Asabar ta farko, wajen ƙarfe goma na safe, rana ta take, Mma, mahaifiyarmu, na tsintar wake a tsakar gida, sai muka ji kiran sallar asuba daga ɗakina. Ashe akwai manhajar kiran salla a ciki, kuma da lokacin New York take aiki. Ni dariya na yi. Mma kuwa ta ajiye faifan, ta saurara har aka gama, sannan ta tambaye ni ko yanzu ne asuba a wurin ɗanta. Na ce mata e.

Daga ranar aka ƙara min aiki. Kafin in tafi makaranta sai na kunna kwamfutar na bar mata a falo. In ladanin ya yi kira sai ta ce ɗanta ya tashi, ta yi masa addu'a, ta ci gaba da aikinta. Yayana ba mai yawan waya ba ne, sai ya yi wata biyu shiru. Amma Mma, wadda ba ta taɓa wuce Kumasi ba, ta san lokacin sanyinsu ya shigo saboda asubarsu ta ja baya, ta san zafi ya zo saboda ta matso kusa da takwas.

Ni kuwa na tsani manhajar nan, ba na ɓoyewa. Na ɗora mata laifin duk nauyin kwamfutar. Abin ya kai maƙura ranar da na tafi da kwamfutar taron malamai. Hedimasta na tsakiyar bayani, sai ladani ya shiga sanar da mu cewa salla ta fi barci. Hedimasta ya cire tabarau ya tambaye ni ko yanzu gari ya waye a gidanmu. Malamai suka yi ta dariya, har wata malama mai ɗari-ɗari da ni ta sami abin faɗa. A motar haya ta trotro ina dawowa na yanke shawarar cire manhajar, ba tare da na gaya wa Mma ba.

Na fara da goge hotonta daga fuskar kwamfutar, na kwanta ina jin na gama da ita. Washegari ta yi kiranta lafiya lau. Na shiga jerin manhajoji na danna wajen cirewa, ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa har na gama wankin kayan makaranta, sannan aka ce min manhajar tana aiki, in rufe ta tukuna. Na nemo ta inda ta laɓe kusa da agogo na rufe. Na sake dannawa, aka nemi kalmar sirrin mai kwamfutar. Na kira yayana na ce gyara zan yi. Ya ce ya manta, in gwada sunan Mma. Shi ne kuwa, kuma ko wannan bai sa na ji kunya ba. Da na shigar, sai aka ce wani fayil ya ɓata, ba za a iya cirewa ba.

Na ɗauki kwamfutar sai unguwar New Town, wurin wani dattijo mai gyara da shagonsa bai fi tabarma biyu ba. Ya kunna ta ta wata hanya da ba ta tayar da komai sai abin da ya zama dole. Ya nuna min masu laifin: manhajojin tsaro har uku, kowace na zargin 'yar'uwarta, da wasu tarkace da ke tashi tare da kwamfutar ba wanda ya gayyace su. Ya share su ɗaya bayan ɗaya.

"Madam, wannan na salla ba shi da nauyi ko kaɗan," in ji shi. "Ki bar shi, bai yi miki komai ba."

Na ce ya cire. Na riga na yi sati ina faɗa da ita, ban ga yadda zan koma gida ita ce da nasara ba. Ya ɗaga kafaɗa, cikin minti biyu ya gama.

Kwamfutar ta koma kamar sabuwa. Washegari, ranar Asabar, na kunna ta a falo yadda na saba, na zauna ina buga tambayoyi. Goma ta yi, ta wuce. Mma ta shigo ta duba agogon bango, ta fita. Ta sake shigowa ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Yau ba su yi salla ba ne? Ko wani abu ya same shi?"

Ban taɓa jin na ƙi kaina irin na wannan lokacin ba. Na ce mata matsalar wuta ce, alhali fanka na juyawa a kanmu.

Ranar Litinin na koma wurin dattijon. Na ce ya mayar min da manhajar. Irin waccan tsohuwar ba a samunta yanzu, sai ya sa min sabuwa. Ita kuma mai wayo ce, nan take ta gane a Accra muke, ta shirya mana lokutan da masallatai huɗu na layinmu ke ba mu kyauta. Sai da ya tilasta mata ta yarda a New York take.

Washegari na makara zuwa makaranta da gangan. Goma saura kaɗan kira ya tashi, da wata murya siririya mai sauri. Mma ta saurara har ƙarshe, ta yi addu'arta, ta shafa. Sannan ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Sun canza ladan," ta ce. "Wancan na saba da shi."

Ta ɗauki faifanta ta fita tsakar gida.