Matar Mai Sharar Bututu

Babana Vendelin sharar bututun hayaƙi ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Babu rufin da bai hau ba a garinmu Jemnice. Mutane in sun hango shi cikin baƙaƙen kayansa sai kowa ya kama maɓallin tasa rigar don neman sa'a, shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Ba mai magana ba ne. Mamarmu Zdislava ke yin maganar mutum biyu, har da ragowa.

Ran Lahadi kaɗai bakinsa ke buɗewa, in an kwashe kwanukan agwagwa da kabeji aka fito da kvarteto. Karta ce ta gida-gida: gidan mai burodi, gidan maƙeri, gidan mai sharar bututu, kowanne da miji da mata da ɗa da 'ya. Ka roƙi katin da kake nema a hannun wanda kake zargi, in ka haɗa huɗu ka ajiye. Dokar Baba ɗaya ce: in an ba ka kati ba ka ce na gode ba, ka mayar. Yayana Lubor ya sha kuka a kan dokar nan yana yaro, kuma ga shi har da furfura bai koya ba.

Katin matar mai sharar bututu ya ɓace tun muna ƙanana. Mama ta yanki kwalin sukari ta zana kanta, ƙaton hanci, ludayi a hannu. Bayan katin fari ne fat, kowa ya san hannun da yake, amma a gidanmu sai a yi kamar ba a gani ba.

Da Mama ta rasu Baba bai yi kuka ba. Ni ma ban yi ba. Shiru kawai ya yi. A ba shi abinci ya ci, a ce ya kwanta ya kwanta. Haka lokacin kaka ya wuce, sanyi ya shigo.

Rannan Lubor ya tare ni a kicin ya ce, "Vlasta, ki daina yaudarar kanki. Kan tsohon nan ya tafi. Wata rana zai bar murhu a kunne. Na samo masa gado a gidan tsofaffi, ran Litinin za su zo ɗaukarsa."

Ni da ba a taka ni in ƙyale, ranar ƙyale shi na yi. Na nemi fushin a raina na rasa.

Ran Lahadin, bayan abinci, na ɗauko kartar don ban san me zan yi da hannuna ba. Muka zauna mu uku. In an roƙi Baba ya miƙa, ko ya girgiza kai. In wasa ya zo kansa sai ya yi zuru, mu tsallake shi. Farin katin yana hannunsa.

Lubor ya ce, "Baba, ba ni matar mai sharar bututu."

Na take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"To mene ne? Wasa muke ko ba wasa ba?"

Baba ya daɗe yana kallon zanen. Bai taɓa maguɗi a karta ba, ranar ma bai yi ba. Ya miƙa. Lubor ya haɗa huɗunsa ya ajiye, ya juyo kaina zai roƙi wani.

"Lubor."

Muryar Baba ce ta fito, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ba ka ce na gode ba."

Lubor ya saki baki.

Baba ya ce, "Ɗazu ma da na ba ka 'yar maƙeri ba ka ce ba, ƙyale ka na yi. Wannan kam ba zan ƙyale ba. Dawo min da ita."

Lubor ya zaro katin ya tura masa. Ya ce, "Ga ta, Baba." Sai ya tashi ya fita tsakar gida ko rigar sanyi bai ɗauka ba. Ta taga na hango shi da waya a kunne, yana share ido da bayan hannu. Ni kuwa na je na wanke kwanuka. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba, har ruwan ya huce ina tsaye.

Ran Litinin babu wanda ya zo.

Baba na nan a gidansa, maganar dai ba ta ƙaru sosai ba. Duk Lahadi muna wasa, ni ke rabawa, kuma na san inda nake sa farin katin: hannun Baba. Babu mai roƙonsa. Gidan mai sharar bututu bai ƙara haɗuwa ba.